Habbanaye a Gidan da Ba a Daka

Tata ba ta taɓa leƙa gidan kowa ba, duk wanda ya ce ta leƙa kuwa ya yi mata ƙage. Ba ta da bukatar leƙe. Shekara talatin da ɗoriya tana zaune a unguwarsu ta bakin garin Tanut, wajen hanyar Belbeji, kuma kunnenta da hancinta sun ishe ta sanin halin da kowane gida yake ciki. In ta ji taɓarya biyu a gidan da aka saba jin ɗaya, ta san an yi baƙi. In hayaƙin wani gida ya makara kwana uku a jere, ta san maigidan da matarsa ba sa ga maciji. Ko tokar da aka zubar bayan katanga tana gaya mata kara aka ƙona ko icen kirki.

Da safe mata suna kai awakinsu wani fili, Aghali makiyayi ya haɗa su ya kora daji. A nan Tata take sauke abin da ta tattaro, mata su kwasa su kai gida da zafinsa. Ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Wannan ne abin taƙamarta a duniya, don in ka cire shi ba abin da ya rage mata sai awaki huɗu da ciwon gwiwa.

Sai zinariyar Jado ta shigo gari. Samarin da suka tafi a saman motocin kamiyo rungume da bidon ruwa suka dawo da motocinsu na kansu. Meri, hukumar gari, ta yanka filaye, har ta gutsure rabin filin awaki. Masu gidajen laka suka dinga sayarwa suna komawa Gangara da Olelewa, gidajen siminti suna tashi a gurbinsu. Wanda ya tashi jikin katangar Tata na wani ne wai shi Yahuza. Katangarsa ko kana bisa raƙumi ba ka hango ciki, ƙofar kuma ta ƙarfe ce, baƙa wuluk. Ya kawo matarsa Zuhaira daga Damagaram, ya kwana goma, ya koma Jado.

Tata ta san hakkin maƙwabtaka. Washegarin tarewa ta yafa mayafinta mai kyau ta je ta tsaya bakin ƙofar ƙarfen ta yi sallama. Shiru. Ta sake, shiru. Ta yi ta uku da ƙarfi har kajin layin suka watse. Sallama uku kuwa ita ce iyaka, ta huɗu roƙo ne. Ta dawo gida tana huci, da safe ta sanar a fili cewa amaryar Damagaram ta fi ƙarfin amsa sallamar ƴan ƙauye. Daga ranar ba macen da ta ƙara dosar ƙofar nan.

Amma haushi bai hana kunne aiki ba. Tata ta kasa kunne wata ɗaya, wata biyu, har wata bakwai, abin da ta ji kuwa shi ne ba ta ji komai ba. Ba daka. Ko mai kai niƙa inji ai sai ta yi surfe a gida, amma gidan nan taɓarya ba ta taɓa sauka cikin turmi ba. Ba hayaƙi safe da yamma. Ba toka, ba dusa, ba kukan akuya, ko ƴar kazar da za ta yi tsiwa babu. Sau ɗaya a wata mota tana zuwa daga Damagaram, a buɗe mata ƙofa ta shige, ta jima ta fito. Ranar da Tata ta hango Zuhaira ta fito ta hau kabu-kabu, ta ga wuyanta siriri kamar na zabuwa, sai ta ce a ranta ta gano bakin zaren.

Washegari ta riga kowa zuwa fili. Ta jira har mata suka taru, sannan ta rage murya.

"Yarinyar nan yunwa ke cin ta."

Adawiyya ce ta fara yin dariya. Adawiyya tana sayar da kayan miya, ƴarta tana auren wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, don haka tana ganin ta san birni. Shekara da shekaru tana jiran ranar da Tata za ta yi tuntuɓe.

"Yunwa a gida mai daɓen karo, Tata? Gidan da wutar kuran ba ta ɗaukewa?"

"Karo ake ci? Ko kuran ake damawa a sha? Kuɗin zinariya ya ƙare a gini, mijin ya gudu ya bar ta da bango. Wata bakwai ban ji daka ba, ban ga hayaƙi ba."

"Da gaz take girki. Ƴata ma tana da shi."

"Ƴarki shayi take dafa wa mushe da shi. Wane tuwo ne zai nuna a kan wannan ƴar wutar mai kama da ta ashana? To in ma ya nuna, ina garin ya fito? Daga sama?"

"Motar da take zuwa fa?"

"Kwasar kaya take ana kaiwa kasuwa. Na lura, in za ta fita ta fi sauri."

Aghali yana tsaye jingine da sandarsa, rawani ya rufe masa baki, yana ƙirga awaki da ido. Ya ce shi dai a ganinsa mota in ta sauke kaya ne take fin sauri. Ba wadda ta kula shi. Me makiyayi ya sani game da mota?

Cikin kwana biyu unguwa ta juye. Matan da jiya suke cewa Zuhaira girman kai ne zai kashe ta, yau suna cewa ashe baiwar Allah kunya ce ta hana ta buɗe ƙofa. Mutanenmu suna da wannan halin, kuma ban san ko yabonsa zan yi ko zagi ba: in ka fi su sai su ɗauke maka kai, in suka ji ka faɗi sai su zo da gudu da ƙwarya. Adawiyya ce ta gano cewa farin abin da ke manne jikin ƙofar, wanda Tata ta ɗauka makunnin fitila ne, ƙararrawa ce, in an danna sai ta yi kuka a ciki. Tata ta ce dama ta sani, ba ta ga dalilin da zai sa Musulmi ya bar sallama ya koma danne-danne ba ne.

Aka fara zarya. Wannan ta kai fura ta ce ɗanɗano ne, waccan ta kai tuwo ta ce sadakar Juma'a ce alhali ranar Talata ne. Zuhaira tana buɗewa da fara'a, ta shimfiɗa musu tabarma a baranda, ta riƙe su da hira har su makara da girki. Kowacce ta dawo da labari ɗaya: tsakar gida fayau, ba murhu, ba tukunya, ba turmi, ba rumbu, ba turke. In ta mayar da kwano kuma sai ta sako sabulu ko dabino a ciki.

"Kun gani ko?" in ji Tata. "Ƴar mutunci ce. Abin da ya rage mata take rabarwa don kada a gane."

Ita kanta ba ta je ba. Ta ce ba za ta je ta tsaya kan yarinya ta ƙara mata kunya ba. Gaskiyar magana, sallama ukun nan ce har yanzu take mata ciwo.

Adawiyya dai ba ta saduda ba. Wata safiya, gaban kowa, ta ce, "Tata, mu muna ta kai fura, ke kina ta kai baki. In kin tabbata da maganarki, ki ba ta habbanaye mana. Ki ba ta Kyalla."

Mata suka zuba wa Tata ido. Habbanaye al'ada ce da mutanen wannan yanki na Damargu suka koya wajen Fulani: ka ɗauki macen dabbarka ka ba wanda ya rasa, ya sha nono, ya riƙe ƴaƴan da ta haifa a hannunsa, daga baya ya mayar maka da uwar. Ba sadaka ba ce, shi ya sa ba ta zubar da mutuncin mai karɓa. Amma ba a kai ta gidan mai hali. Wanda ya kai habbanaye gidan mai wadata ya mai da kansa abin dariya har jikokinsa. Kyalla kuma ita ce gaba cikin awakin Tata, ja ce mai farin ɗamara, tagwaye take haifa, nononta shi ne furar Tata ta safe.

Tata ta dubi akuyar, ta dubi Adawiyya. In ta ƙi, an san ita ma ba ta yarda da maganarta ba. In ta bayar kuma maganar ta zama ba haka ba, to bakinta ya mutu a filin nan, ko wuta ta ce ta kama wani gida sai an aika a dubo.

"Aghali," ta ce, "yau bar mini Kyalla."

Aghali ya tambaye ta ko ta yi shawara da akuyar. Ta ce ya kama gabansa.

Da hantsi ta ɗaura wa Kyalla sabuwar igiya, ta sake yafa mayafin nan mai kyau. A bakin ƙofar ta yi sallama sau ɗaya don kada a ce ta bar sunna, sannan ta waiga hagu da dama, ta danna farin abin da sauri. Zuhaira ta buɗe. Yarinya ce da ba ta wuce ashirin da biyar ba, doguwa, mai manyan idanu. Tana ganin Tata ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, sannu da zuwa. Ke ce ta jikin katangata, ko? Kullum ina jin muryarki."

Tata ta ɗan ji wani iri. Ba ta taɓa tunanin kunne yana aiki ta ɗaya ɓangaren ba. Suka gaisa, aka tambayi maigida, aka tambayi zafi, aka tambayi gwiwa. Sannan Tata ta gyara murya ta faɗi abin da ta shirya tun a hanya.

"Ƴata, garkena ya yi mini yawa, hannuna ba ya iya tatsa yanzu. Ki taimake ni ki riƙe mini wannan, habbanaye. Ki sha nononta. Mu nan haka muke yi da maƙwabta, ba wani abu ba ne."

Awaki huɗu ne garken da ya yi yawa. Zuhaira ta dubi akuyar, ta dubi tsohuwar, ta sa hannu biyu ta karɓi igiyar. Ta ce, "Na karɓa, Inna. Allah Ya saka da alheri."

Daɗi ya kama Tata har kunnenta. An karɓa. Mai ƙoshi ba ya karɓar habbanaye, Adawiyya ta sha ƙasa. Sauran aiki kawai a nemi inda za a kafa turke. Ta bi tsakar gidan da kallo, ko'ina karo ne shimfiɗe, fari tas, ba inda za a soka ko tsinke. Tana cikin mitar wane irin magini ne zai rufe ƙasar Allah haka, Kyalla ta taka karon. Ƙafafunta huɗu suka kama hanya huɗu. Ta firgita, ta fizge igiyar daga hannun Zuhaira, ta yi sulu ta faɗa wata ƙofa da ke buɗe a gefen baranda.

Tata ta bi ta da gwiwarta mai ciwo, tana kiran sunanta. Tana shiga ta tsaya cak.

Madafa ce, amma a cikin ɗaki, da rufi da taga. Tukunya tana tafasa a kan gaz mai baki huɗu, ƙamshin miyar nama ya cika wurin, ba ko ɗigon hayaƙi. Ga firigo ya fi Tata tsawo, yana gurnani. Daga ciki akwai wata ƙofar, can Kyalla ta shige, ta tura kai cikin buhu tana ci hankali kwance. Buhunan shinkafa ne jere, da katan-katan na taliyar maka, da jarkokin mai, da gwangwanayen madara har kusa da rufi. Tata ta yi ta zare ido tana neman hatsi, don a Damargu gidan da ba hatsi ba a ce yana da abinci ba. Ba ta gan shi ba, har ta fara samun ƙarfin gwiwa. Sai ta lura da abin da ya ɓata wa Kyalla baki fari fat. Garin hatsi ne, niƙaƙƙe, tankaɗaɗɗe, buhu guda.

"Yayana ne yake aiko mini daga Damagaram duk wata," in ji Zuhaira daga bayanta, a hankali.

Kunya ta rufe Tata tun daga kai har ƙafa. Ta tuna furar da aka yi ta kawowa, da tuwon sadakar Juma'ar ranar Talata, da fuskar Adawiyya gobe da safe. Ta ji da ma karon nan ya tsage ta shige. Ba ta iya ɗaga ido ba. Ta sunkuya ta lalubo igiyar, ta jawo akuyar daga buhun.

"Ki yi haƙuri, ƴata. Tsufa ne. Na ɗauka... bari dai in tafi da ita kada ta ƙarasa miki gari."

Ta ja, igiyar ba ta zo ba. Zuhaira ta riƙe ɗaya bakin.

"Inna, na san abin da kuka ɗauka."

"Kin sani?"

"Tun kwano na uku. Duk wadda ta zo sai ta kalli hannuna ta ce Allah Ya kawo sauƙi. Wata ma ta ce kada in sayar da ƙofa, iska zai dame ni."

Tata ta so ta yi dariya, kunya ta hana ta. Ta ce, "To me ya hana ki faɗa? Kin bar mu muna ta hauka a gari."

Zuhaira ta matsa wajen tukunyar. Ta rage wutar gaz ɗin, ta dawo ta jingina da bango, igiyar na naɗe a hannunta.

"Wata bakwai ina cikin gidan nan, Inna. Maigidan yana kira a wayar portabul in ya samu layin rezo, wani lokaci sai a yi sati uku. Da safe ina jin ku kuna wucewa da awaki kuna dariya, in tsaya bayan ƙofa in saurara. Sau biyu na fito na gaishe da mata a layi, suka amsa mini da baki ɗaya suka wuce. Na rame ne don ba na iya cin abinci ni kaɗai. In dafa, in zuba, in kalle shi. Ba wadda ta taɓa buga ƙofar nan sai da kuka ce yunwa nake ji. To me zai sa in ce muku na ƙoshi?"

Tata ta buɗe baki za ta kawo zancen sallama uku, ta ga ba shi da wurin zama, ta rufe. Shekara talatin tana taƙama da kunne, ga yarinya tana tsaye bayan ƙofa kullum safiya, taku biyar daga hanyarta, ba ta taɓa jin ta ba. Wannan ya fi maganar Adawiyya yi mata zafi. Ta ji idonta ya kawo ruwa, ta ce yajin miyar ne ya yi yawa.

"An ce mini ba a karɓe habbanaye sai ta haihu," in ji Zuhaira. "Haka ne?"

"Haka ne."

"Sau nawa?"

"Wasu ɗaya suke yi, wasu biyu. Fulanin asali sai uku."

"To na Fulanin asali nake so. Ban kuma iya tatsa ba, ban san me take ci ba in ba garina ba. Sai kin riƙa zuwa."

Tata ta lissafa a ranta, haihuwa uku ta akuya ta kusa shekara biyu. Ta saki nata bakin igiyar. Ta ja wata ƴar kujera ta zauna, don gwiwar ta fara magana, tana kallon Kyalla tana lasar baki.

"Gobe da safe ki jawo ta da kanki zuwa fili," ta ce. "Aghali ba ya bin gida-gida. Ni kuma zan faɗa musu da bakina cewa na yi kuskure, kafin Adawiyya ta ji a wani wuri ta ƙara masa gishiri. Za ta yi dariya har ta faɗi. Ta yi, ta daɗe tana jira."

Fuskar Zuhaira ta canza. "Inna, in suka san ba yunwa, za su daina zuwa."

"Wadda ta daina zuwa, ni zan ba da labarinta a fili. Na san na kowacce." Tata ta share ido da bakin mayafi, ta nuna tukunyar da haɓa. "Zuba mana abin nan in gani ko wutar ashana tana nunar da abinci. Kwano ɗaya za ki zuba, ba biyu ba."

Zuhaira ta ɗaure akuyar a ƙafar firigo, ta je ta ɗauko babban kwano.